Ruwan Da Ka Zuba, Nawa Ya Dawo?

Ƙannena masu sana'ar wankin kujeru da kafet, da ku da kuke tara kuɗin inji don ku shigo, ku ba ni aron hankalinku. Sana'ar nan ta samu karɓuwa a 'yan shekarun nan. A Kano da Kaduna da Abuja, da zarar Sallah ta ƙarato ko biki ya matso, sai ka ga samari sun ɗora inji a Keke Napep suna bin gidaje. Masu wankin mota ma sun ƙara da wankin kujerun cikinta. Abin yana faranta min rai, domin neman halal ne, kuma aiki ne da matan gida suka daɗe suna neman mai yi musu. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawanku kuke auna inji. Kuna kallon ƙarfin feshinsa da girman ƙararsa da baƙin ruwan da za a ɗauka a bidiyo a ɗora a TikTok. Alhali darajar injin wankin kujera tana ga yawan ruwan da yake iya ƙwatowa daga cikin yadi bayan ya fesa. Kowa zai iya jiƙa kujera, ko da bokiti ne. Kuɗin da aka biya ka na fitar da ruwan ne tare da dattinsa.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Injin yana da tanki biyu, ɗaya na ruwa mai tsabta, ɗaya na ruwan datti. Yana da ɗan ƙaramin famfo da ke tura ruwa ta siririn tiyo zuwa bakin feshi, sannan yana da moto mai juya fanka da gudun gaske, wanda ke zuƙo iska da ruwa ta babban tiyo. Ɗauki Puzzi 10/1 na kamfanin Kärcher na Jamus, wanda yana cikin injinan da aka fi sani a wannan aiki. Tankinsa na ruwa mai tsabta lita 10 ne, na datti lita 9, yana fesa kimanin lita ɗaya a minti, motonsa kuma wat 1,250. Dubi tankunan nan biyu da kyau. Waɗanda suka ƙera shi sun yi lissafin cewa mafi yawan abin da ya fita zai dawo. Don haka duk lokacin da tankinka na ruwa mai tsabta ya ƙare, tsaya ka leƙa na datti. Ba duka ne zai dawo ba, yadi dole ya riƙe ɗan danshi. Amma idan ka fesa tanki guda, ka tarar ko rabi bai dawo ba, to sauran yana kwance cikin soson kujerar mutane, kuma ko dai injinka na da matsala ko hannunka.

Ruwan da aka bari a kujera ba ya tafiya shiru. Ranar da ka gama, falo na ƙamshi, uwargida ta yaba, ta biya. Bayan kwana biyu ko uku sai waya ta yi ƙara: "Malam, kujerun nan fa wari suke, kuma tabon da ka ce ya fita ya dawo." Gaskiyarta. Soso mai kauri da ya sha ruwa ba ya bushewa da wuri, kuma funfuna kan fara kama abu mai danshi cikin awa 24 zuwa 48. Tabon da ya dawo kuwa, ruwa ne ya narkar da dattin da ke can ƙasa, yayin da saman yadin ke bushewa sai danshin ya riƙa hawowa yana ɗauke da dattin, ya ajiye shi a fuska. Yadin auduga yakan yi wani ja-ja mai kama da tabon shayi idan ya daɗe a jiƙe, musamman idan sabulun mai kaifi ne. Ƙusoshi da filolin da kafinta ya kama yadin da su sukan yi tsatsa su ɓata farin yadi da jan tabo. Katakon ciki yakan kumbura. Ka tuna kuma irin kujerun da ake kiran ka a kansu: sau da yawa kayan ɗaki ne, wani uba ya yi shekaru yana tanadi kafin ya saya wa 'yarsa. Amana ce aka damƙa maka na 'yan awoyi.

Yanzu ga ranar da ka ji zuƙar inji ta yi sanyi. A nan ne nake so in daɗe, domin a nan ne matasa suka fi asarar kuɗi a banza. Abin da aka saba shi ne a ce moto ya mutu, a kinkimi inji zuwa wurin mai naɗin koyil, a buɗe abin da lafiyarsa ƙalau. Kada ka fara da abu mai tsada. Fara da kunnenka da tafin hannunka. Cire tiyo gaba ɗaya, kunna inji, ka toshe ramin da tiyon ke shiga da tafin hannu. Injin da ke da lafiya zai kama fatar hannunka da ƙarfi, kuma ƙararsa za ta canza nan take, ta ƙara sirancewa, domin fanka ta rasa iskar da take ja, moto ya ƙara gudu. Idan ka ji haka, moto da tanki ba su da laifi, matsalar tana gaba. Mayar da tiyo, ka toshe ƙarshensa. Idan kamun ya ragu sosai a nan, tiyon ne ya tsage ko wani abu ya maƙale a ciki. Tsagewar takan ɓuya a lungun zobban roba, kusa da inda ake yawan lanƙwasawa, wato gindin tiyo da wuyansa. Bi shi da hannu yana a kunne, za ka ji sanyin iska ko ɗan fito a inda ya huje. Idan tiyo ma lafiya, saura kan da ke taɓa yadi. Bakinsa siriri ne, ba ya wuce faɗin da tsinke zai shiga, kuma nan ne zare da gashi da ɓawon gyaɗa da guntun ledar alewa ke taruwa su dunƙule. Ɗaga shi ga haske ka duba.

Idan kuwa tun a ramin farko kamun ya yi rauni kuma ƙarar ba ta canza ba, iska tana sata ta wani wuri. Galibi murfin tankin datti ne bai zauna daidai ba, ko robar da ke kewaye da bakinsa ta bushe ta tsage, ko yashi ya hau kanta. Zafin ƙasarmu yana cin roba da wuri, balle injin da ake bari a rana a bayan mota. Goge ta, daidaita murfin, danna shi da hannu ka ji ko zuƙar ta dawo. Akwai kuma akasin haka: inji na ta kuka da siririyar murya tun ba ka toshe komai ba, amma ba ya jan ko takarda. Wannan toshewa ce a ciki. A tankin datti na yawancin injinan nan akwai wani ƙwallo ko faifai mai iyo, wanda aikinsa shi ne ya tashi ya rufe hanyar moto idan ruwa ya cika. Wani lokaci tankin ne ya cika ba ka lura ba. Wani lokaci kuma ƙwallon ya maƙale a sama saboda dauɗa ko saboda injin ya karkata a hanya. Kashe, jira moto ya tsaya cak, za ka ji shi ya faɗo. Sannan ka wanke rariyar da ke kare hanyar, domin gashin yadi yakan lulluɓe ta har ta koma kamar bargo. Duk wannan binciken ba zai ci maka minti goma ba, kuma ba ya cin ko kwabo. Sai an bi waɗannan duka an rasa ne ake zargin moto.

Abin da ya fi kashe moto a hannun matasanmu kuwa kumfa ne. Na san dalilin da ya sa ake zuba Omo ko Klin ko sabulun wanke-wanke a tanki: yana da araha, yana kowane shago, kuma mai gida yana ganin kumfa ya ji ana aiki. Amma ƙwallon da na ambata ruwa ne ke ɗaga shi, kumfa ba ya iya ɗaga shi. Sai kumfa ya cika tanki, ya wuce ta gefensa, ya shige cikin fanka, ya kai ga ƙarfen da moto ke juyawa a kai, ya wanke masa maiƙo, ya sa masa tsatsa. Alamar farko ita ce ka ga inji yana tofar da danshi ko kumfa ta inda iska ke fita. Idan ka ga haka, kashe nan take. Bayan makonni sai ƙara ta koma gurnani, daga nan sai ƙauri. Garin sabulun wanki yana da wata illar kuma: ba ya narkewa duka, yana toshe famfo da bakin feshi, ragowarsa kuma yana zama a yadi da danƙo, ya riƙa kama ƙura, kujera ta yi datti da sauri fiye da kafin a wanke ta. Sayi ruwan sabulun da aka yi don wannan inji, mara kumfa, ka auna shi yadda aka rubuta a jikin jarka, kada ka ƙara da sunan ya fi fita. Ka riƙe maganin kashe kumfa a jakarka, ka ɗiga kaɗan a tankin datti, domin ko kai ba ka kawo kumfa ba, za ka tarar da kujerar da aka sha gogewa da Omo kafin zuwanka, kuma duk sabulun da ke cikinta tankinka zai dawo.

Matsalar feshi ta fi sauƙi. Idan famfo na ƙara amma ruwa ba ya fita, galibi iska ce ta shiga layin, musamman bayan tanki ya ƙare ƙaf. Cika tanki, cire kan, danna kunama ka bar ruwa ya bi tiyo kai tsaye cikin bokiti har ya daina tari. Duba 'yar rariyar da ke gindin tankin ruwa mai tsabta, da mahaɗin tiyo, ko ya shiga har ya yi ƙas. Kada ka bar famfo yana aiki babu ruwa. Idan feshin ya daina buɗewa kamar mafici, ya koma tsiri ɗaya ko ya karkace gefe, ramin bakin feshi ne ya toshe. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana da gishirin ƙasa, irin farin da kake gani a gindin butar dafa ruwa, ga kuma yashi a ruwan 'yan garuwa. Tace ruwanka da farin ƙyalle kafin ka zuba. Bakin da ya toshe, kwance shi ka jiƙa a ruwan khal ko ruwan lemun tsami, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka hura ta baya. Kada ka zura masa allura. Ramin an yanka shi da ma'auni, idan ka faɗaɗa shi zai riƙa zubar da ruwa fiye da abin da moto zai iya ƙwatowa, ka koma jiƙa kujeru ba ka sani ba. Kan da ke ɗiga bayan ka saki kunama kuwa, ɗan zoben roba ne a cikin bawul ya cinye, kuma canza shi ba wani kuɗi ba ne. Waɗannan ɗigon su ne ke barin da'ira a kan kushin.

Sai maganar wuta, wadda a ƙasarmu rabin sana'ar ce. Wutar Najeriya da Nijar da Ghana bolt 220 zuwa 230 ce. Ta Amurka 120 ce. Injinan hannu da ake shigowa da su daga Amurka, irin su Bissell, da yawansu na 120 ne, kuma wanda ya canza musu filogi kawai ya soka a bango zai ji ƙauri kafin ya ƙifta ido. Karanta farantin da ke jikin inji kafin ka biya kuɗi, a Sabon Gari kake ko a Alaba. Idan na 120 ne, sai da taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce na injin sosai. Ka kuma sani cewa ƙananan injinan da aka yi don matar gida ta goge tabo ɗaya ba za su jure wankin saiti uku a rana ba, komai kyawun farashinsu. Araha ba ta ado. Ƙaramin janareta da ake kira "na fi maƙwabcina" ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauki moto mai wat 1,250 ba, balle a lokacin tashi da moto ke jan wuta fiye da ƙima. Injin da ke dafa ruwa da kansa ya fi haka ci nesa ba kusa ba. Doguwar waya siririya tana rage wutar da ke isa inji, zuƙa ta yi rauni ka zaci lalacewa ce. Taɓa wayar bayan minti goma, idan ta yi zafi ta yi kaɗan, kuma kada ka yi aiki da ita a nannaɗe. A cikin irin wannan moto akwai gawayi biyu da ke gugar sashen da ke juyawa, masu gyara suna ce musu kabon. Suna cinyewa da aiki. Idan ka fara ganin tartsatsi mai yawa ta ramukan iska, ko inji yana yankewa yana dawowa, a duba su tun kafin su ƙare su ci jan ƙarfen da ke ƙarƙashinsu. Kabon kuɗinsa kaɗan ne, sabon moto kuwa wani lokaci ya kusa rabin kuɗin inji.

Ina roƙon ku da girman Allah a kan abu uku da suka shafi rai. Kuna aiki da ruwa da wuta a wuri ɗaya, sau da yawa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen tayil. Kada a cire ƙafa ta uku ta filogi, kada a soka tsirarar waya a soket, a sa takalmin roba. Janareta kuma a waje yake zama, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta sha hallaka iyalai a cikin ɗaki. Sannan kada a taɓa haɗa bilic irin su Hypo ko Jik da ruwan khal ko wani sinadari mai tsami ko mai amoniya. Gubar da ke tashi tana ƙona huhu. Bilic ma ba shi da abin yi a kan kujera.

Akwai ranar da inji lafiyarsa ƙalau amma aiki bai yi kyau ba. A nan sai a dubi hannu. Ƙurar hunturu da ke shiga kujera busasshiya ce, kuma a bushe ta fi sauƙin fita. Wanda ya fara da feshi ya mayar da ita laka, ya tura ta ciki. Zuƙe kujera a bushe tukuna, har lungunan da ke tsakanin kushin. Wani masanin sinadarai na kamfanin Henkel a Jamus, Herbert Sinner, ya bayyana a 1959 cewa wanki yana tsaye a kan abu huɗu: sinadari, guga, zafi da lokaci, kuma idan ɗaya ya ragu sai an ƙara wani. Ƙananan injinanmu ba su da zafi sosai. Puzzi ma ba a so ruwan da za a zuba masa ya wuce digiri 50. To abin da za ka cike giɓin da shi lokaci ne da guga. Fesa sabulu sama-sama da ɗan famfon hannu, goga da buroshi mai laushi, ba shi minti biyar zuwa goma ya ci datti amma kada ya bushe, sannan ka zo da inji da ruwa zalla ka ɗauraye. Kan inji ya kwanta daram a kan yadi, ka ja shi zuwa gare ka a hankali, ka saki kunama kafin ka kai ƙarshen layi. Duk ja ɗaya mai feshi, bi shi da biyu ko uku marasa feshi. Idan kan injinka mai garai-garai ne, ido zai gaya maka: ci gaba da ja har sai ka daina ganin ruwa na gudu a ciki.

Kujerun da aka shigo da su daga Amurka sukan zo da 'yar takarda a ƙarƙashin kushin mai harafi. W na nufin ruwa ba ya cutar da yadin, S na nufin sai sinadarin da ba ruwa a cikinsa, WS ko wanne, X kuwa zuƙa a bushe kawai. Kujerun kafintocinmu ba su da wannan takarda, kuma shi kansa kafintan sau da yawa launi da laushi ya duba ya sayo yadin. Saboda haka gwaji ya zama dole. Jiƙa farin ƙyalle da sabulunka, danna shi a bayan kujera ko ƙasan kushin na ɗan lokaci, ka duba ko launi ya biyo shi. Ja da shuɗi mai duhu da baƙi sun fi zuba. Ka yi hattara da karan-miski mai sheƙi, domin akwai irinsa da ruwa ke kwantar masa da gashi ya bar tabon da ba ya gyaruwa. Jini da ruwan sanyi ake fara masa, zafi yana dafa shi ya zauna. Manja da man shafawa da ke taruwa inda ake jingina kai suna son sabulu mai narkar da maiƙo da haƙuri. Lalle da tsohon tabon goro da zoɓo kuwa rini ne, sau da yawa sai dai su dusashe. Faɗa wa mai kujera haka tun kafin ka fara: "Hajiya, wannan zai ragu, amma ban yi miki alƙawarin zai fita duka ba." Za ta fi ganin girmanka da wannan magana a kan ka yi ta zuba ruwa da guga har yadin ya ƙoƙe.

Lokacin shekara ma yana cikin lissafi. Da hunturu da bazara iska a bushe take, kujerar da aka zuƙe da kyau takan bushe cikin 'yan awoyi. A watan Agusta kuwa, ana tsakiyar damina, aikin da ka yi daidai da wancan zai iya kwana da danshi. Rage feshi, ƙara ja a bushe, fara da safe, jingine kushin a tsaye yadda iska za ta ratsa ta kowane gefe, buɗe tagogi, kunna fanka. Idan kana da hali, sayi fanka mai ƙarfi ta zama cikin kayan aikinka. Kada a fitar da kujera mai launi a shanya a tsakiyar rana, kuma kada a mayar da leda ko mayafi a kanta sai ta bushe sarai. Kafin ka tafi, danna busasshen farin ƙyalle da ƙarfi a tsakiyar kushin. Idan ya jiƙe sharkaf, ba ka gama ba, koma ka sake ja.

Idan ka dawo gida da yamma, komai gajiya, kada inji ya kwana da ruwan datti a cikinsa. Zubar, ɗauraye tanki, wanke rariya da ƙwallo. Zuba ruwa zalla a tankin ruwa mai tsabta ka fesa shi na minti ɗaya ko biyu don ya kore sabulu daga famfo da bawul. Zuƙi ruwa mai tsabta ta babban tiyo ya wanke cikinsa, sannan ka bar moto ya yi ɗan aiki a bushe don danshin da ke cikin fanka ya fita. Rataye tiyo ya tsane, ka bar murfin tanki a buɗe, a inuwa. A jakar aikinka kuma kada a rasa bakin feshi na ajiya, da zobban roba, da kabon guda biyu na irin motonka, da salatif na wuta, da sukundireba. Kabon da zobban, ka nemo su tun ranar da ka sayi injin, domin akwai injinan da ake shigowa da su waɗanda za ka zagaye kasuwa kaf ba ka samu kayan gyaransu ba.